Ƙarin ruwa ga yaron da jininsa ya ja baya: ta yaya ake gane zuciya za ta karɓa?

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a ɗakin yara ya san maganar da ta fi yawo a bakin iyaye: "Likita, don Allah a yi masa ƙarin ruwa." A wurinmu ledar nan da ke rataye a jikin sandar ƙarfe tana ɗiga ita ce shaidar an fara magani. Uwa na ganinta hankalinta ya kwanta, uba ya samu abin gaya wa 'yan dubiya. Sau da yawa kuma gaskiyarsu ce, domin yaran da ƙarin ruwa ya ƙwato daga bakin ajali, musamman lokacin ɓarkewar amai da gudawa, ba su ƙirguwa. Sai dai likitan da ke tsaye a bakin gadon yana fama da wata tambaya wadda iyayen ba su ji: in na tura ruwan nan cikin jijiya da sauri, zuciyar yaron za ta ɗauke shi ta ƙara yawan jinin da take harbawa, ko kuwa zai je ya kwanta a huhu? Fiye da shekara ashirin ke nan masana na neman hanyar sanin amsar tun kafin a buɗe ledar. A wajen manya an yi nisa. A wajen yara kuwa hanyoyin da suka yi aiki ga manya sun yi ta ba da kunya, kuma dalilan hakan sun cancanci a tsaya a kansu.

Akwai ruɗanin da harshenmu da kansa ke jawowa. In Bahaushe ya ce yaro "ba shi da jini", abin da yake nufi shi ne jinin ya yi tsinkau, jajayen ƙwayoyinsa sun ragu, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ko ciwon sikila ke yi. Wannan daban ne da abin da ake magana a nan, wato raguwar adadin ruwan da ke cikin jijiyoyi gaba ɗaya. Na farko kunu ne da ya yi ruwa-ruwa amma yana cike da ƙwarya. Na biyu ƙwaryar ce ta koma rabi. Yaro ɗaya na iya haɗa duka biyun, amma maganinsu ba ɗaya ba ne: in ka zuba ruwa a kunun da dama ya tsinke, ƙara tsinka shi ka yi.

Lissafin jikin yaro ma abin lura ne. Jinin ƙaramin yaro bai wuce mililita 75 zuwa 80 ga kowane kilo na nauyinsa ba. Yaro mai kilo 10 ke nan duk jinin jikinsa kamar mililita 800 ne, ledar fiya wata ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Awon da aka saba turawa a tashi ɗaya idan yaro ya galabaita, mililita 20 ga kilo, ya kama mililita 200, kashi ɗaya cikin huɗu na jininsa. In an yi haka sau uku, an zuba masa kwatankwacin kashi uku cikin huɗu na jinin jikinsa cikin awa guda. Wanda ya riƙe wannan lissafi a kai ba zai ƙara kallon ledar ruwa a matsayin abin da in bai yi amfani ba ba zai cutar ba.

Tushen maganar yana cikin wata ƙa'ida da ake jingina wa mutum biyu, Otto Frank na Jamus wanda ya yi aikinsa a kan zuciyar kwaɗo a 1895, da Ernest Starling na Ingila wanda ya faɗaɗa bayanin wajajen 1914. Naman zuciya kamar dankon harbin tsuntsu yake. Iya jan da ka yi masa, iya nisan da dutse zai je. Idan jini ya dawo zuciya da yawa ya buɗa ta, sai ta matse da ƙarfi ta harba da yawa. Amma jan danko yana da iyaka. Akwai inda za ka kai, ƙarin ja ba ya ƙara nisa, sai dai ya gajiyar da robar. Zuciyar da ba ta kai wannan iyaka ba ita ake cewa tana amsa ruwa, kuma ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne jinin da take harbawa a kowane bugu ya ƙaru da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari bayan an tura ruwan. Wadda ta riga ta kai iyaka, duk abin da aka ƙara mata baya yake komawa, ya cika jijiyoyin huhu, ya kumbura hanta, ya tsatso cikin nama. Binciken da aka yi ta yi a ɗakunan kulawa ta musamman ya nuna kusan rabin marasa lafiyar da likitoci suka ga sun dace da ƙarin ruwa ne kawai zuciyarsu ke amsawa, kuma a yara ma abin bai yi nisa da haka ba. Ga jarirai filin ya fi ƙunci, don naman zuciyarsu bai gama nuna ba, ba ya buɗewa sosai, sun fi dogara da saurin bugu wajen ƙara jinin da ke zagayawa. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Zuciyar da cuta ta raunana ba ta da ƙarfin jan abin da aka zuba mata, komai yawansa.

Abin da likita ke da shi a hannu tun asali alamomin jiki ne: saurin bugun zuciya, sanyin hannu da ƙafa, faɗawar ido da maɗiga, bushewar baki, ƙarancin fitsari, da gwajin danna farce ko ƙirji na daƙiƙa biyar a ga tsawon lokacin da jini zai ɗauka kafin ya dawo. Waɗannan suna gaya maka yaro na cikin hatsari, kuma kada kowa ya raina su. Abin da ba su iya gaya maka shi ne ko zuciya za ta amsa ruwa. Bugun zuciya na tashi saboda zazzaɓi, ko kuka, ko zafin ciwo, ko tsinkewar jini. Yaron da aka ɗauko a kan babur da asubahin hunturu zai iso hannuwansa kamar ƙanƙara ko da jijiyoyinsa a cike suke. Awon bugun jini kuwa shi ya fi yaudara, domin jikin yaro gwani ne wajen matse ƙananan jijiyoyinsa ya riƙe awon daidai, har sai ya rasa abin da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na jininsa ko fiye. Ranar da awon ya faɗi, an riga an makara sosai.

An daɗe ana dogara da wani awo da ake yi ta hanyar zura siririn tiyo cikin babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, a auna matsin da ke cikinta. Tunanin shi ne in matsin ya yi ƙasa, tukunya ba ta cika ba, a ƙara. A 2008 Paul Marik da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kan manya, suka nuna wannan awo bai fi jefa kwabo sama ba wajen hasashen wanda zai amsa. Dalilin a fili yake in an duba: matsi ba ya nuna yawa kaɗai, yana nuna taurin mazubin ma. Salka mai laushi tana ɗaukar ruwa da yawa ba ta yi tauri ba, busasshiya kuwa kaɗan za ka zuba ta ɗaure.

Daga nan tunani ya juya. Maimakon a tsaya ana auna cikar tukunya, sai a ɗan girgiza zuciyar a ga abin da za ta yi. Na'urar taimakon numfashi kuwa tana yin wannan girgiza da kanta ba tare da an roƙe ta ba. Duk lokacin da ta hura iska cikin huhu, matsi na ƙaruwa a ƙirji, jinin da ke dawowa zuciya ya ɗan ragu, bayan bugu biyu ko uku abin da zuciya ke fitarwa ya ragu, sannan ya dawo idan iskar ta fita. Zuciyar da ke jin ƙishi za ta nuna wannan hawa da sauka ƙarara. Wadda ta ƙoshi ba za ta damu ba. A shekarar 2000 Frédéric Michard da abokansa a Faransa suka nuna cewa a manya masu gubar ƙwayoyin cuta a jini, in tazarar da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa ta awon jini tana canzawa da fiye da kashi 13 cikin ɗari tsakanin shigar iska da fitarta, da wuya mutum bai amsa ruwa ba. Wannan ya zama abin aiki a ɗakunan tiyata na duniya.

Da aka kawo shi kan yara sai ya ƙi. A 2013 wasu masana, Heng Gan da Mark Ansermino na cikinsu, suka tattara bincike 12 da suka ƙunshi yara 438 da aka yi wa turin ruwa sau 501, aka gwada ma'auni har 24. Bugun zuciya bai yi ba, awon jini bai yi ba, matsin babbar jijiya bai yi ba, wannan hawa da saukar bugun jini da ake alfahari da shi a manya shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Guda ɗaya tak ya yi ta fitowa da gaskiya a bincike daban-daban, shi ne canjin gudun jini a bakin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya.

Me ya sa? Ina ganin wannan ne wurin da ya fi daɗin fahimta a duk maganar. Jijiyoyin babban mutum sun yi tauri da shekaru, kamar bututun roba mai kauri. In famfo ya ƙara ruwa kaɗan, nan take matsi zai tashi a cikinsa, in ya rage ya sauka, saboda haka mai auna matsi a can ƙarshen bututu yana iya karanta abin da famfo ke yi. Jijiyoyin yaro sababbi ne, suna miƙewa kamar balan-balan. In zuciya ta ƙara abin da take harbawa, sai bangon jijiyar ya buɗe ya shanye bambancin, wanda ke aunawa a wuyan hannu bai ga komai ba. Ƙari a kan haka, ƙashin ƙirjin yaro laushi gare shi, iskar da na'ura ta hura tana ɗaga ƙirjin ne cikin sauƙi maimakon ta matse zuciya da jijiyoyi, saboda haka girgizar tun daga tushe ba ta da ƙarfi. Mafita ita ce a daina sauraron labari daga nesa, a je bakin famfon. Ana ɗora kan na'urar hoton zuciya a ƙirji, a saita ta daidai ƙofar da jini ke fita, ta auna gudunsa a kowane bugu. Sai a ɗauki gudu mafi sauri da mafi jinkiri cikin numfashi ɗaya, a fitar da bambancinsu cikin ɗari. Philippe Durand da abokan aikinsa a Faransa sun gwada haka a kan yara 26 a 2008, suka samu iyakar kashi 12. Wani tattara bincike na 2016 ya tabbatar da ƙarfin hanyar, amma ya nuna iyakar da masu bincike suka samu ta tashi daga kashi 7 har zuwa 20. Wannan tazara ba ƙarama ba ce. Yaron da awonsa ya nuna 25 an san matsayinsa, mai 4 ma haka, amma mai 13 yana nan a tsakiya, kuma yara da yawa a tsakiyar suke faɗawa.

Sannan ga sharuɗɗa. Dole yaron ya kasance na'ura ce ke yi masa numfashi gaba ɗaya, ba ya ja da kansa. Dole iskar da ake hura masa ta kai wani adadi, kamar mililita 8 ga kilo, alhali masu ciwon huhu da gangan ake rage musu. Dole bugun zuciya ya kasance a jere, ƙirji a rufe, ga na'ura mai tsada, ga hannun da ya ƙware. Galibin yaran da aka yi waɗannan bincike a kansu suna kwance ne a ɗakin tiyata an sa su barci, ana yi musu aikin zuciya ko na ƙwaƙwalwa. Tsakaninsu da yaron da ya iso asibitin karkara yana numfashi sama-sama bayan kwana uku yana zazzaɓi akwai tafiya mai nisa.

Don haka aka nemi dabarun da za su yi aiki ga mai numfashi da kansa. Mafi shahara a manya ita ce ɗaga ƙafafu. A kwantar da mutum, a ɗaga ƙafafunsa zuwa rabin miƙewa, jinin da ke cikinsu, kimanin mililita 300, ya gangaro zuciya. Rance ne jiki ya ba kansa: in zuciya ta amsa an gani, in ba ta amsa ba a sauke ƙafa jinin ya koma inda ya fito, ba a zuba ko ɗigo ba. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Matsalarta a yara ita ce jariri kusan duk kai ne da ciki, ƙafafunsa gajeru, jinin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Wani bincike da aka yi a Indonesiya a 2012 kan yara 40 ya nuna in gwajin ya ce yaro zai amsa, yawanci gaskiya ne, amma yana tsallake kusan rabin masu amsawar. Sai wasu likitoci a Koriya ta Kudu da birnin Liyon na Faransa suka ce to, tunda rumbun jinin jariri a ciki yake, a hanta da jijiyoyin hanji, a danna cikin mana. Ana sa jakar awon jini a kan ciki a danna da matsi sananne na 'yan daƙiƙu, ana kallon abin da zuciya ke fitarwa. Sakamakon farko ya ba da ƙarfin gwiwa, ko da yake yaran da aka gwada 'yan gommai ne. Akwai kuma masu duba faɗin babbar jijiyar ciki da na'urar hoto su ga yadda take motsi da numfashi, amma a yara sakamakon wannan ya yi ta saɓa wa juna. Duk dabarun nan abu ɗaya ya haɗa su: sai kana da abin da zai auna fitar jini daga zuciya a daidai wannan lokaci, domin canjin na daƙiƙu ne, yatsa a wuyan hannu ba zai kama shi ba.

Yanzu a ce ma an samu na'urar da ba ta kuskure. Shin an gama? A nan ne Afirka ta koya wa duniya darasin da ya girgiza likitocin yara. Tsakanin 2009 da farkon 2011 an gudanar da wani babban gwaji mai suna FEAST a asibitoci shida na Yuganda da Kenya da Tanzaniya, ƙarƙashin jagorancin Kathryn Maitland. Yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini aka kasa uku: wasu aka tura musu ruwan gishiri da sauri, wasu ruwan albumin, wani sinadari da ake tacewa daga jinin mutum, wasu kuma aka bar su a kan ruwan da ke ɗiga a hankali tare da sauran magunguna. Kowa ya ɗauka turin ruwan zai ceci rayuka, tambayar kawai ita ce wane iri ya fi. Cikin awa 48, kashi 10.5 na masu ruwan gishiri suka rasu, kashi 10.6 na masu albumin, amma kashi 7.3 kacal na waɗanda ba a tura wa ba. Wato cikin kowane yara ɗari, turin ruwan ya ƙara mutuwar uku. Dole aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Fiye da rabin yaran suna da zazzaɓin cizon sauro, kusan kashi ɗaya cikin uku jininsu ya tsinke matuƙa, irin yaran da ke cika asibitocin Kano da Maraɗi da Katsina duk damina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da ya fito da aka sake bin bayanan a 2013. Yaran da aka tura wa ruwa sun fi sauran nuna sauƙi a awa ta farko: hannu ya yi ɗumi, bugu ya daidaita. Duk likitan da ke wurin zai rantse ruwan ya yi aiki. Daga baya ne suka fi mutuwa, kuma galibin ƙarin mutuwar ta durƙushewar zuciya da jijiyoyi ce, ba ta cikar huhu da ruwa ba kamar yadda aka zata. Ma'ana, jiki na iya amsa ruwa a idonka, amsar kuma ta zama ba alheri ba. Wani bincike a birnin Melbon na Ostireliya a 2018 ya ƙara haske: an bi yara masu gubar ƙwayoyin cuta a jini da hoton zuciya, aka ga mafi yawansu fitar jininsu ta ƙaru minti biyar bayan turin ruwa, amma bayan awa ɗaya ƙalilan ne suka riƙe ƙarin. Cutar tana huda bangon ƙananan jijiyoyi, ya zama kana zuba ruwa a randa mai yoyo. Ruwan bai ɓace ba, yana nan cikin nama da huhu da hanji, kuma an daɗe da lura cewa yaran da ruwa ya taru a jikinsu fiye da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu sun fi daɗewa a kan na'urar numfashi, sun kuma fi mutuwa.

Shi ya sa nake ganin tambayar "zai amsa?" ita ce ta tsakiya cikin uku, kuma an fi ba ta muhimmanci ne don ita ce ake iya aunawa da na'ura. Kafin ita akwai: shin gaɓoɓin yaron nan suna cikin yunwar jini har da ake bukatar a ƙara? Ni da kai da muke zaune lafiya, in aka tura mana ruwa zuciyarmu za ta amsa, don haka lafiyayyar zuciya take, amma ba mu bukata. Bayanta kuma akwai: in an ƙara, jikinsa zai iya ɗauka? Duka ukun kuma suna rataye ne a kan sanin abin da ya rage jinin tun farko. Yaron da kwalara ko gudawa ta tsiyaye, ruwa ya fita zahiri, jijiyoyinsa lafiya lau, zuciyarsa na jira. Wannan ba a yi masa rowa, kuma gwajin FEAST bai haɗa da irinsa ba. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ga mai bushewa mai tsanani shi ne mililita 100 ga kilo na ruwan Ringer, wani nau'in ruwan gishiri na jijiya, cikin awa uku ga wanda ya haura shekara ɗaya, awa shida ga jariri. Babban kuskure ne wani ya ji labarin FEAST ya ji tsoron ba mai kwalara ruwa. Yaron da mota ta buge yana zubar da jini, jini yake so da kuma a tsayar da zubar. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya cinye wa jini, ƙarin jini ne maganinsa. Mai gubar ƙwayoyin cuta kuwa, sau da yawa ruwan bai fita ko'ina ba, jijiyoyin ne suka saki suka yi faɗi, wani lokaci zuciyar ma ta raunana, abin da yake bukata bayan maganin kashe ƙwayoyin cuta shi ne maganin da zai ɗaure jijiya ya ƙarfafa bugu, irin su adirenalin.

Ƙa'idojin duniya sun bi wannan hanya. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi turin ruwa da sauri sai yaro ya haɗa alamu uku a lokaci ɗaya: sanyin hannu da ƙafa, jinin farce ya wuce daƙiƙa uku bai dawo ba, da bugu mai sauri marar ƙarfi. Ko a nan ma mililita 10 zuwa 20 ga kilo ne cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan a sake dubawa. Ƙa'idar kula da yara masu gubar jini da ƙungiyoyin likitocin kulawa ta musamman suka fitar a 2020 ta yi abin da ba a saba gani ba, ta raba shawara gida biyu bisa ga inda yaro yake. Inda akwai ɗakin kulawa ta musamman da na'urar numfashi, ana iya kaiwa mililita 40 zuwa 60 ga kilo a awa ta farko, kaɗan-kaɗan. Inda babu, in awon jini bai faɗi ba kada a yi turin, in ya faɗi kada a wuce 40. Wasu na jin wannan kamar an ware talaka ne. Ni a ganina gaskiya aka faɗa: wanda ke da na'urar da za ta ɗauki numfashin yaro in huhu ya cika yana da damar yin kuskure ya gyara, wanda ba shi da ita ba shi da wannan dama.

Haka kuma bai kamata tsoro ya zama ƙa'ida ba tare da an gwada shi ba. Shekaru da dama ana koyar da cewa yaro mai tamowa zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwan jijiya, ko da gudawa ta busar da shi, sai dai a bi ta baki. A 2025 aka fitar da sakamakon gwajin GASTROSAM, wanda aka yi a Nijar da Nijeriya da Yuganda da Kenya kan yara 272 masu tamowa mai tsanani da gudawa ta busar. Waɗanda aka ba ruwa ta jijiya ba su fi na baki mutuwa ba cikin kwana huɗu, kashi 7 da kashi 8, kuma ba a ga cikar huhu ko gazawar zuciyar da ake tsoro ba. Yaran ba su da yawan da za a rufe magana da su, amma sun isa su sa a sake duba abin da aka ɗauka tabbatacce. Mai bincike ɗaya ce, Kathryn Maitland, ta jagoranci gwajin da ya nuna ruwa na kisa da wanda ya nuna an yi masa mummunan zato, bambancin yana ga irin yaron da ke kan gado.

To a asibitin da babu na'urar numfashi, babu hoton zuciya, me ya rage na hasashe? Abin da ya rage shi ne a mayar da ruwan kansa abin gwaji, a ba da kaɗan a tsaya a duba. Masu bincike a ɗakunan tiyata ma sun koma ga wannan tunani, suna gwada ɗan mitsitsin awo su ga ko zuciya ta motsa kafin su ba da sauran. A bakin gado abin yana nufin a auna nauyin yaro a kan sikeli maimakon a kimanta da ido, a duba ko jininsa ya tsinke kafin a rataya leda, a ja layi da biro a fatar ciki daidai inda gefen hanta ya tsaya, a ƙirga numfashi da bugu a rubuta. Sai a tura mililita 10 ga kilo da sirinji ko da ma'aunin da ba zai bari leda ta zube gaba ɗaya ba. Bayan nan a dawo. In bugu ya sauka, hannu ya yi ɗumi, yaro ya fara gane uwarsa, an samu abin da ake nema, kuma ba dole ne a ƙara ba. In hanta ta gangaro ƙasa da layin biro, ko numfashi ya ƙaru, ko an ji ƙarar ruwa a gindin huhu, ko fatar ido ta fara kumbura, a rufe. In an yi sau biyu babu abin da ya canza, da wuya na uku ya canza shi, lokaci ya yi da za a nemi jini ko maganin ƙarfafa zuciya. Ƙananan na'urorin hoto da ake haɗawa da waya sun fara isa wasu asibitocinmu, kuma ko ba su auna gudun jini ba, suna iya nuna zuciyar da ke matsewa da ƙyar da huhun da ya fara jiƙa, wanda ya isa ya hana leda ta biyu. Wahalar wannan hanya ita ce tana cin mutum: sai an samu ma'aikaciyar jinya ko likitan da zai dawo kan gado ɗaya bayan kowane minti goma sha biyar, a ɗakin da watan Satumba ke kwantar da yara biyu ko uku a katifa guda.